Barewar da Na Kira da Hannuna

A cikin kwalin man girki maigidana ya shigo min da ita, wata ranar sanyi bayan la'asar. Na ɗauka kayan miya ne, har na ce masa ya ajiye a bakin kicin. Sai kwalin ya motsa.

"Malam, mene ne wannan?"

"Buɗe mana ki gani. Ba ke kika ce gidan ya yi miki shiru ba?"

Na ɗaga murfin, sai ga idanu biyu manya suna kallona, da kunnuwa da suka fi kan girma, da ƙafafu sirara a naɗe kamar tsinken tsintsiya. 'Yar barewa ce. Amma ba irin ta dajinmu ba. Wannan bayanta ɗigo-ɗigo ne fari, kamar an yayyafa mata nono. Daga baya na ji cewa irin da ake kawowa daga waje ne, matansu ba su da ƙaho, kuma in sun girma sun fi babban rago nesa ba kusa ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Ainu Shams a babban birnin Masar, inda muke har yanzu, a benen wata dattijuwa Bamasariya da kowa ke ce wa hajja. Maigidana direba ne a wurin wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin ƙasarmu, da ke zaune a unguwar Dokki. 'Ya'yanmu mata manyan sun yi aure a gida, ƙaramar kuma ba ta daɗe da komawa karatu ba. To shi wannan Alhajin yana da aboki Bamasare mai gona a hanyar hamada, yana kiwon tsuntsaye da barewa don sha'awa. Uwar wannan ta mutu bayan haihuwa, mai gonar ya yi wa Alhaji kyautar 'yar, shi kuma ba shi da inda zai kai ta a bene mai kafet.

"Ya ce in kawo miki."

"Riƙo ne, ko kyauta?"

"Taki ce. Ya bar miki."

"Malam, ka tabbata? Ni fa ba na son in raini abu a zo a ce min an yi baƙi."

Ya yi dariya, ya ce, "Taki ce halak malak. Kai, 'yar maharbi da tsoron wuƙa!"

Ba banza na nanata tambayar ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a ƙauyenmu, can yammacin Katsina. Na tashi ina ganin kan burtu rataye a zaurenmu, wanda yake ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe cikin ciyawa yana ɗan sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo. Barewa ta san burtu, tare suke kiwo, ba ta gudunsa. Sai ya matso iya yadda yake so. Ina ƙarama in na ga an shigo da nama sai in shige ɗaka in toshe kunne, yayyena suna min dariya.

Akwai kuma wata al'ada tasu. In an kashe babban nama, duk wanda ya kama ƙafa aka ɗaga shi aka ɗora wa jaki, to wannan ƙafar da ya riƙe tasa ce, ko maharbin bai isa ya hana shi ba. Ta nan ma na fara sanin maigidana. Yana saurayi ya tarar da mahaifina a bakin daji da nama a ƙasa, ya kama ƙafar gaba. Da aka ba shi rabonsa bai kai gidansu ba, sai ya naɗe a ganye ya kawo wa mahaifiyata, ya durƙusa ya ce ga shi a yi wa yara miya. Yara kuwa, ni kaɗai ce budurwa a gidan. Mahaifiyata ta daɗe tana tsokanata da wannan ƙafar. Tun daga nan har muka yi aure, muka haihu, muka bar ƙasa, ban taɓa bin diddigin maganarsa ba. In ya ce fari, ba na leƙawa in gani.

Auta na sa mata. Na sauka kantin magani na sayi bulumboti, mai kantin ya tambaye ni watan jaririn nawa, na rasa yadda zan yi masa bayani da guntun Larabcina, sai na ɗora hannu biyu a kai na yi masa kunnuwa. Har yau in na shiga sai ya tambaye ni lafiyar yarinya. Madarar ɓauna nake sayo mata in sirka da ruwa. Maƙwabciyata, wata Bahaushiyar Sudan da yaƙi ya koro ta da 'ya'yanta, ita ta koya min in riƙa shafa mata ciki da tsumma mai ɗumi bayan ta sha, kamar yadda uwa ke lasa.

Da ta fara cin tsaki da dabino na ware mata wani ƙaramin kwanon silba. In zan ba ta sai in buga cokali a gefen kwanon, in ce, "Auta, taho." Ko tana ina sai ka ji ƙwas-ƙwas ɗin kofatonta a kan tayil. In ina salla takan zo ta kwanta a gefen darduma, ta ɗora haɓa a kan ƙafata lokacin tahiya. Maigidana ya koma kirana uwar barewa. In ya dawo aiki sai ya ce, "Uwar barewa, an ci an bar wa marayu?"

Da ta yi wayo muka mayar da ita saman rufi, inda hajja ke da kaji da tantabaru. Nan rigima ta fara. Ta cinye ganyen mulukiya, wato lalo, da hajja ta shanya. Ta tauna hannun jallabiyar ɗan hajja a kan igiya. Rannan kuma ta yi tsalle ta hau katangar rufin ta tsaya tana kallon titi, ni ina ƙasa da kayan cefane, sai da na yar da kayan na ruga sama. Hajja ta hauro tana haki ta ce min khalas, magana ta ƙare, ko barewa ta bar gidan ko mu.

Na san gaskiyarta. Auta ta kai ƙuguna a tsaye, rufin bene ba wurinta ba ne. Maigidana ya ce ya yi magana, mai gonar ya yarda ta koma cikin 'yan uwanta, duk lokacin da na so zai kai ni in gan ta. Ranar da za a tafi da ita na tsaya a bakin ƙofa na ce masa, "Malam, ka yi min alkawari."

"Na me kuma?"

"Ka san na me."

Ya dube ni ya daina murmushi. Ya ce, "Na yi miki alkawari. Babu mai sa mata wuƙa."

Ya kuwa riƙa kai ni jefi-jefi. Gonar babba ce, an kewaye wani fili mai faɗi da waya, da itatuwan zaitun da na lemo a ciki. Auta ta koma 'yar daji sosai. Mai gadin gonar, wani tsoho mutumin kudancin Masar mai rawani, ya ce ko shi da ke zuba musu abinci ba ta bari ya matso. Amma ina buga cokali a kwano sai ka ga ta ɗaga kai daga cikin garken, ta kafa kunne, ta taho. Tsohon yakan tafa hannu ya ce subhanallah. Ni kuma in ji wani daɗi har cikin ƙashina, in dubi maigidana in ce, "Ka gani ko? Ba ta manta ba."

Shi ma ya gani. Abin da ya fi ci min rai ke nan in na tuna.

Wata safiya cikin tsananin zafi ya ce in shirya, Auta ta ji ciwo a ƙafa, tana ɗingishi, sun yi sun yi su kama ta a sa mata magani ta ƙi.

"Ke kaɗai take ji. Ɗauko kwanon naki."

Ban tsaya ko karyawa ba. Na zuba dabino a leda, na ɗauki kwano da cokali da 'yar tabarmar roba, na zura hijabi.

Ni mace ce mai lura, kowa ya shaide ni da wannan. Na lura ba da ƙaramar motar Alhaji ya zo ba, da akori-kurar da suke ɗaukar kaya ya zo. Na lura da sabuwar leda mai kauri a naɗe a baya, da buhu biyu suna ɗigar ruwa. Na ce mene ne, ya ce ƙanƙara ce mai gadi ya roƙa. Na tuna ma jiya da yamma na gan shi yana wasa wuƙar layya a bakin tagar kicin, ya ce tsatsa take nema ta yi. A hanya ya ƙure rediyo, karatun Alƙur'ani, shi da kullum sai na ce ya rage surutu ya dubi titi. Duk na gani. Ban haɗa su wuri ɗaya ba, don ba a kansa na saba haɗa irin wannan ba. Ina ta tunanin ko ƙaya ce, ko waya ce ta yanke ta.

Da muka isa, mai gadi ya buɗe ƙofa bai yi min barkwancin da ya saba ba. Ya dafa ƙirji ya ce min, "Ma'alish, ya hajja," wato in yi haƙuri. Na ɗauka jajen ciwon yake min. Har na gode masa.

Na shiga cikin wayar na buga cokali. "Auta, taho." Garken ya watse can ƙarƙashin zaitun, ita kaɗai ta tsaya. Ta taho da ɗan gudunta, ta tura hanci cikin tafin hannuna, ta laso gishirin zufata kafin ma ta kula dabino. Ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi.

Na ce, "Malam, ni ban ga ɗingishi ba."

"A ƙasan kofato ne. Sai an kwantar da ita. Ungo, sa mata igiyar nan, in ni ne ba za ta tsaya ba."

Ni na zura mata igiyar a wuya. Ni na jawo ta har wajen waya, ina mata magana, har gindin wata bishiyar lemo kusa da inda aka ajiye mota. Na miƙa masa bakin igiyar.

"Yauwa. To yi sauri ki shiga ɗakin mai gadi ki ɗumama ruwa da gishiri, a wanke wurin."

Na tafi da sauri. Na sami tukunya, na sami gishiri a wani gwangwani, na kunna ɗan gas ɗinsa. Ina tsaye ina taɓa ruwan da yatsa kada ya yi mata zafi da yawa, sai na ji muryar maigidana. Muryar da ke ja min salla in bai sami jam'i ba.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Ban san yadda na fito ba. Na dai san takalmina ɗaya a ɗakin ya tsaya. Na tarar da ita a kwance an fuskantar da ita gabas, tsohon ya danne ta da gwiwa, ƙafafunta na shure-shure, jini na bin ƙasa yana shigewa cikin yashi. Dabinon da na ba ta bai gama wucewa ba, ga shi nan a gefen bakinta. Maigidana kuma yana durƙushe ya riƙe hannun hagu da na dama, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Ashe da ta yi wani fizga a ƙarshe, wuƙar ta gama da ita ta zarce ta shige masa gindin babban yatsa.

Ban yi ihu ba.

Tsohon ya warware rawaninsa ya ɗaure masa hannun, nan take farin ya rine. Ya ce yalla, yalla, a yi maza, sai an ɗinke, akwai asibiti a ƙauyen gaba. Ya tayar da babur ɗinsa. Maigidana ya hau baya, fuskarsa ta yi fari fat, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Zan yi miki bayani. Don Allah ki kore karnuka. Ki bar ta nan sai mun dawo."

Abin da ya iya ce min ke nan. Ƙurar babur ta lafa, aka bar ni da Auta da rana.

Na zauna a ƙasa kusa da kanta. Na sa hannu na rufe mata ido, ya sake buɗewa. Jikinta da ɗumi kamar kullum. Ban san iya zaman da na yi ba, sai da na ji numfashi a bayana. Karnukan gona ne, irin ramammun nan masu launin ƙasa. Ɗaya ne da farko. Na jefe shi da hoge ya matsa kaɗan ya zauna. Kafin in juyo sun ƙaru, sun yi min zobe, suna lasar yashin da jini ya jiƙa suna matsowa. Ƙudaje kuma sun sauka a wuyanta baƙi ƙirin.

Wata zuciyar ta ce min tashi ki bar musu. Su ci, ya dawo ya tarar da ƙashi, ya san abin da zai gaya wa wanda ya aiko shi. Wallahi na ji wannan, kuma ya yi min daɗi na ɗan lokaci. Amma an ambaci sunan Allah a kanta. Kuma ni na raine ta da bulumboti. Ban ga yadda zan tsaya ina kallo karnuka su ja hanjinta cikin ƙasa ba.

Ɗakin mai gadi ba shi da ƙyaure, labule ne kawai, ƙyauren ya ɓalle an jingine shi a bango. Wurin da ya fi ƙarfin karnuka ɗaya ne, bayan akori-kura. Na je na sauke murfin bayan, ya tsaya min daidai ƙirji. Ni ba doguwa ba ce, ga ciwon baya da nake fama da shi tun haihuwar ƙarshe.

Na fara gwada abin da ba shi yiwuwa. Na rungumo ta ta ƙirji na ɗaga. Kanta ya faɗo min a kafaɗa kamar yadda take yi tana ƙarama, sauran jikin ya ƙi barin ƙasa. Nauyin abin da ba rai daban ne, ba ya taimakonka ko kaɗan, duk inda ka tallafa sai wani wurin ya zube. Muka faɗi tare. Hijabina ya jiƙe tun daga wuya har gwiwa.

Sai na tsaya na tuna yadda na ga ana yi a ƙofar gidanmu. Ba a ɗaukar nama ƙafafu a warwatse. Na kwance igiyar da na sa mata a wuya da hannuna, na haɗa ƙafafun gaba na ɗaure, na haɗa na baya, sannan na haɗe su duka. Ina ɗaurewa ina duba kofaton. Na san abin da zan gani, amma sai da na duba. Na buɗe tsakanin kowanne da yatsa, na kakkaɓe yashin. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Duka huɗun sumul, ko ƙwarzane babu. A nan ne kukan ya zo min, ina riƙe da ƙafarta ta baya, ina yi ina jifan karnuka.

Na jawo ƙyauren nan na katako daga jikin bango, ina ja ina hutawa, na jingina shi da bakin motar ya zama gangara. Na shimfiɗa tabarmar robar da na zo da ita don mu zauna ni da Auta, na mirgina ta a kai. Na kama bakin tabarmar na hau motar da baya-baya ina ja. Ta hau har rabi. Sai tabarmar ta zame daga ƙarƙashinta, ta sulale ta koma ƙasa, kanta ya bugu da dutse. Na ji bakina ya ce, "Sannu, Auta." Wani kare ya yi wuf ya kamo kunnenta, na diro ban san na iya dirowa haka ba, na rafka masa cokalin da ke aljihuna, da shi kaɗai na samu.

Na sake dabara. Na kwantar da ƙyauren a ƙasa, na mirgina ta a kansa, na ɗaure ta da shi da ɗankwalina ta wajen ƙirji. Na ga wasu akwatunan roba na lemo a jibge, na jawo biyu. Na ɗaga gefen da kanta yake na tura akwati ɗaya da ƙafa a ƙarƙashi. Na huta. Na sake ɗagawa na ɗora na biyu a kan na farko. Daga nan zuwa bakin motar saura kamar tsawon hannu. Na shiga ƙarƙashin katakon na sa kafaɗa, na ce ya Ƙawiyyu, na miƙe. Wani abu ya ce ƙas a bayana, na ga wuta a idona, amma bakin ƙyauren ya hau. Na zagaya ƙarshensa na ƙasa, na durƙusa, na ɗaga, na tura da ƙirji da ciki da duk abin da Allah ya ba ni. Katakon ya yi ƙara a kan ƙarfe, ya shige.

Na hau na rufe murfin. Na san ya kamata a farke cikin a fitar da kayan ciki saboda zafi, na sha gani, wuƙar ma ga ta can a yashe. Hannuna ya ƙi. Sai na buɗe buhunan nan da aka ce na mai gadi ne, na jera mata ƙanƙarar a ciki da wuya da tsakanin cinyoyi. Sabuwar ledar kuma da na buɗe, daidai ita, kamar an auna.

Sai a lokacin na tuna gas na kunne. Na koma na kashe, na ɗauko takalmina. Ruwan gishirin ya ƙone saura kaɗan. Na sirka shi, na hau motar na wanke mata fuska da shi, na cire guntun dabinon, sannan na rufe ta.

Na wanke hijabina a bakin bututun ban ruwa, na yi alwala, na jira ya sha iska, na yi azahar a inuwar motar, karnuka na zagaye. Bayan na sallame ina zaune sai zauren gidanmu ya faɗo min a rai, da abin nan da ke rataye a bango. Mahaifina sai ya je daji ya samo kan tsuntsun da barewa ta yarda da shi. Maigidana bai sha wannan wahalar ba. Yana da ni a gida.

Sun dawo rana ta karkata, hannunsa a naɗe da bandeji. Ya nufi gindin lemo bai ga komai ba sai jini, ya juyo a firgice. Tsohon ne ya leƙa bayan motar ya ɗaga ledar. Ya dube ni, ya dubi ƙyaurensa, ya ce da wa? Na nuna ƙirjina. Bai ce subhanallah ba wannan karon. Ya sunkuyar da kai ya je ya yi abin da ya rage na fiɗa, ni ina gaban mota na juya baya.

Da hannu ɗaya ya tuƙo mu. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Alhaji ne zai yi manyan baƙi daga gida. Ya riga ya yi musu alkawarin naman barewa. Sauran na mai gonar ne, ita kaɗai ce..."

"Ita kaɗai ce tawa."

"Ya ce ai riƙo ya ba mu."

"Kai kuma ka ce min kyauta."

Na ƙara tambayarsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu. Mun yi ta fama mu kama ta, ta gagara. Na rasa yadda zan yi. Aikin nan da shi muke ci, da shi muke zaune a ƙasar nan, kin sani."

"Na sani. Da ka zo ka ce min, uwar barewa, ga abin da ya taso, an fi ƙarfina. Da na yi kuka na ƙoshi. Wataƙila ma da na bi ka na kira ta, don kada su farauce ta da sanda tana tsoro. Amma da na san me nake kira."

"Na ji tsoron ki ƙi."

"Sai ka zaɓi in yarda ban sani ba."

Motoci suna ta wuce mu. Ƙanƙarar da ta narke tana ɗiga a baya, ina jin ta duk lokacin da ya taka burki.

Na ce, "Malam, wa ya kama mata ƙafa aka ɗora?"

Ya waigo ya dube ni, ya mayar da ido titi. Ɗan garinmu ne, ba ya bukatar bayani.

"Ke ce."

"Guda nawa?"

"Don Allah ki rufa min asiri."

"Guda nawa na riƙe?"

"Duka."

Na bar shi da wannan har muka shigo gari, muka hau gada, kogi ya bayyana. Ina kallon hannunsa, jini ya fara ɓullowa ta bandejin. Ina kallon furfurar da ta fito masa a ƙeya a ƙasar mutane. Da na ce a wuce da ita Ainu Shams, na san zai wuce, kuma na san gobe ba shi da aiki. Da muka tsaya a ƙofar benen Alhaji na ce masa, "Na bar maka su. Ba Alhaji na bar wa ba, kai na bar wa. Ka kai masa." Ban sauko ba. Na ji lokacin da kuku da mai gadin benen suka sauke ta, su biyu, suna nishi suna cewa tana da nauyi.

Washegari da yamma ya shigo da ƙunshi a leda, ya ajiye a gabana, ya tsuguna. Rabon da ya tsuguna min tun muna yara. Ƙafar gaba ce. Ya ce ya roƙi kuku ya ware masa.

Na gane abin da yake nufi, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi. Na ce, "Waccan da ka kai wa Inna kai ka ɗauke ta. Wannan ni na ɗauka." Na miƙa wa maƙwabciyata ta ƙofa, na gaya mata ko naman mene ne. Ta riƙe ledar ta daɗe, ta ce innalillahi, sannan ta karɓa, don 'ya'yanta sun kwana biyu ba su ga nama ba.

Ni na yi jinyar hannun. Kullum in ɗumama ruwa da gishiri, in taɓa da yatsa kada ya yi masa zafi, in wanke, in naɗe. Ya warke, sai dai babban yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai. Bayana ma bai koma daidai ba, a zaune nake sallar nafila yanzu. Ya nemi gafara na ce na yafe, kuma ina roƙon Allah ya sa har zuci ne. Muna ci tare, muna hira, in ya yi abin dariya ina yi. Bai ƙara ce min uwar barewa ba.

Rannan da yamma ya ce in sa hijabi mu fita.

Na ce, "Ina za mu?"

"Bakin kogi kawai, mu sha iska."

"Daga nan sai ina? Wa za mu gani?"

Ya tsaya da makulli a hannu yana kallona. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya amsa min ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Na ce to. Da muka sauka, kafin in shiga motar, sai da na zagaya na leƙa bayanta.